Yadda aka gano abin da ke shanye batir da ƙona fiyus ɗin rediyo a Hilux ɗina

Motar Hilux ce ƙirar 2012, mai gida biyu, injin fetur 2.7, giyar hannu. Na saye ta a hannun dillali a nan Kano, shi kuma a gwanjo ya samo ta, lokacin da wani kamfanin gine-gine ya gama kwangilarsa ya sayar da motocinsa. Sana'ata sayar da taki da iri da maganin feshi, ina kai wa 'yan kasuwar ƙauye kaya, kuma ta fuskar inji da giya da ƙafafu motar ba ta taɓa ba ni kunya ba. Wayarin ne ya wahalar da ni. Ya ci mini kuɗi, ya sa na rasa ciniki, ya sa na riƙa kwana da fargabar ko mota za ta tashi da asuba. Da aka gano bakin zaren kuwa, kayan da gyaran ya ci ba su kai kuɗin buhun taki guda ba. Na san masu a-kori-kura da yawa, musamman waɗanda suka sayi tsofaffin motocin kamfanoni da na ƙungiyoyi, suna cikin irin wannan hali, shi ya sa zan ba da labarin yadda abin ya tafi daki-daki, da abin da aka yi a kowane waje da abin da na biya. Kuɗaɗen da zan ambata na lokacin ne, kowa ya san yadda farashi ke tafiya a ƙasar nan.

Rediyon da ke cikin motar ba na kamfani ba ne, irin mai faffaɗan allo ne na Android da wani ya sa kafin ta zo hannuna. Wata Alhamis ina dawowa daga kasuwar Maigatari, na ratse zuwa wani ƙauye don sauke kaya, hanyar burji ce mai galan. Mota na cikin jijjiga sai allon ya ɗauke ɗif. Fitilu na aiki, hon na aiki, na'urar sanyaya mota na aiki, rediyo ne kawai ya mutu. Bayan kwana biyu na kai ta wurin wani matashi mai haɗa rediyo da sifika a bakin titi. Bai ɓata lokaci ba, ya buɗe bonet ya cire murfin akwatin fiyus da ke kusa da batir. A cikin murfin akwai zane da sunan kowane fiyus, ya nemo wanda aka rubuta RAD ya zaro shi da filaya, ya ɗaga shi sama ya nuna mini siririn ƙarfen da ke tsakiya ya tsinke. Ja ne mai lamba 10. Ya sa sabo, rediyo ya kama, na ba shi naira 1,000 har da kuɗin fiyus. Na tambaye shi me ya ƙona na farkon, ya ce, “Alhaji, fiyus ai yana gajiya, kamar ƙwan fitila ne.” A cikin gari lafiya lau na yi ta yawo. Ranar da na sake hawa hanyar burji, ko nisa ban yi ba ya sake ɗaukewa. Da na koma sai ya sa mai ruwan ɗorawa mai lamba 20, wai na farkon ya yi wa rediyon ƙanƙanta. Shi ma ya tsinke, wannan karon har da ɗan warin roba da ya taso ta wajen dashbod.

Zuwa na gaba ya ce wayar kamfanin ce ta lalace a can ciki, kuma bin ta sai an sauke dashbod gaba ɗaya, don haka zai ja mini sabuwa. Ya ɗaure jar waya a kan fozitif ɗin batir, ya zura ta ta ramin robar da wayoyi ke bi su shiga cikin mota, ya zaro rediyon ya yi 'yan haɗe-haɗensa a baya ya naɗe da baƙin salatif. Na ba shi naira 4,000. Kafin in tafi ya gargaɗe ni cewa yanzu rediyo zai riƙa kamawa ko babu makulli, in zan fita daga mota in danna maɓallin kashewa. Haka na riƙa yi, ina dannawa allo ya yi baƙi, in kulle mota in shiga gida. Rediyo bai sake ɗaukewa a kan galan ba, sai dai wasu abubuwa biyu da tun can yake yi kaɗan-kaɗan suka ƙaru. Akwai wani siririn kuka da ke fitowa daga sifika, in na taka totur ya yi sama, in na saki ya sauko. Kuma in na ƙure murya da dare fitilu na kunne, sai allon ya mutu ya sake tashi da kansa.

Ni ba na fita da motar kullum. In na dawo ranar Alhamis da dare takan kwana biyu a ajiye, sai Lahadi in nufi Ɗambatta. Wata Lahadi bayan sallar asuba, an riga an yi lodi tun dare, na murɗa makulli sai ƙas-ƙas-ƙas, fitilun dashbod suka dushe. Mota da kaya a baya ba ta turuwa cikin lungu, sai da yara suka sauke rabin buhunan, maƙwabta suka taya mu turi har bakin titi. Na isa kasuwa rana ta take, mutum biyu cikin masu jirana sun riga sun saya a wani waje. Washegari na kai batir wurin mai caji, ya kwana a can, na biya naira 1,000. Sati na zagayowa aka maimaita. Mai cajin ya ce batir ya gama yawo, ba ya riƙe wuta. Na je shagon batir na sayi sabo mai lamba 75, suka karɓi tsohon suka rage mini wani abu, na cika naira 85,000. Suka buga ranar saye a jikin batir, suka ba ni rasit mai garantin wata 6. Rasit ɗin nan a adana shi, domin ba da jimawa ba na buƙace shi. Sabon batir ya jure satin farko, a na biyu ya tashi da ƙyar, a na uku ya kwanta kamar na da. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ɗauka jabu aka sayar mini. Na koma da rasit a hannu, mai shagon ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka yi wa batir caji ya cika, ya ɗora masa na'urar gwaji a gabana, allura ta tsaya a kore. Ya ce, “Yallaɓai, batirinka lafiyarsa ƙalau. Ko dai mota ba ta yi masa caji, ko wani abu na shan sa da dare. Kuma in aka ci gaba da barin sa yana mutuwa haka, zai lalace da gaske, garanti kuwa ba ya ɗaukar wannan.” Maganarsa gaskiya ce, batirin mota ba ya son a riƙa zuƙe shi har ƙasa, kowane zuƙewa yana rage masa kwana.

Daga nan sai garejin da nake yin juyen mai. Akwai mai wayarin da ke zama a gefensu, ya sa aka tayar da mota, ya kwance kan batir guda inji na aiki, wai yana gwada altaneta, na'urar da ke yi wa batir caji. Inji bai mutu ba. Ya mayar ya ce caji tana yi, amma dayod ɗinta, wato ƙananan abubuwan da ke hana wuta komawa baya, sun fara yoyo, su ke mayar da wuta baya in mota na ajiye, don haka a nemo wata altaneta ta Belgium, za a samu a kan naira 60,000 zuwa sama. Ba shirme ya faɗa ba, dayod ɗin altaneta in ta lalace takan shanye batir da dare. Abin da ya hana ni amincewa shi ne ban ga ya auna komai ba, ga shi ban daɗe da zuba kuɗi a batir ba abin bai canja ba. Makanikena ma ya ja ni gefe ya ce kada in sake yarda a cire kan batir inji na aiki, domin wutar altaneta na iya yin tsalle ta ƙona ƙwaƙwalwar mota, wannan dabara ta zamanin motocin da ba su da kwamfuta ce. Shi ne ya kwatanta mini wani dattijo mai wayarin da muke kira Baba a wajen Kwakwaci, ya ce ba shi da sauri kuma ba shi da arha, amma ba ya cewa a sayo abu sai ya nuna maka dalili.

Na je da hantsi na tarar da motoci a gabana, aka ce in dawo washegari da sassafe, kuma in zo da batir a cike. Haka aka yi, duk da haka sai wajen ƙarfe 11 ya iso kan tawa. Kafin ya taɓa komai ya zaunar da ni a benci ya yi ta tambaya: yaushe abin ya fara, me aka taɓa kafin ya fara, kwana nawa mota ke yi a ajiye kafin ta ƙi tashi, a wace irin hanya fiyus ke tsinkewa, motar wa ce a da. Da na ce ta kamfanin gine-gine ce sai ya gyaɗa kai ya ce, “To Malam, za mu tarar da baƙi a ciki.” Ya ɗauko mita mai wayoyi biyu, ja da baƙa, ya ɗora a kan batir mota na kashe, ta nuna 12.5. Ya ce batir mai lafiya da ya cika bolt 12.6 yake nunawa ko kusa da haka, in ya sauko 12.2 ya kai rabi, in ya yi ƙasa da 12 ya kusa ƙarewa. Aka tayar da inji, mita ta hau 14.1. Ya sa aka kunna manyan fitilu da na'urar sanyi da fanka, ta tsaya a 13.9. Ya juyo da fuskar mitar wajena ya ce in karanta da kaina, duk abin da ke tsakanin 13.8 da 14.4 caji ne mai kyau. Cikin minti biyar maganar rashin caji ta mutu.

Gwaji na biyu shi ne wanda ya warware komai, kuma shi nake so mai karatu ya riƙe. Aka kashe mota aka zare makulli, aka rufe ƙofofi don kada fitilar ciki ta kama, na danna maɓallin rediyo allo ya yi baƙi kamar yadda na saba. Baba ya mayar da jar wayar mita ramin da aka rubuta 10A, ya murɗa ta zuwa awon amfiya, ya kwance negatif ɗin batir, ya ɗora bakin wayar mita guda a kan batir ɗayan a kan wayar da ya cire, ta yadda duk wutar da mota ke sha sai ta ratsa ta cikin mita. Ya ja kunnen yaransa kada wanda ya murɗa makulli, don kik na jan wutar da za ta ƙona mitar nan take. Muka jira ɗan lokaci kwamfutocin mota su kwanta. Lamba ta tsaya a wajen 0.9. Ya ce motar da ke ajiye lafiya ba ta wuce 0.05 ba, abin da agogo da ƙwaƙwalwa ke lasa ke nan. Ya ɗauki tsinke ya yi mini lissafi a ƙasa: 0.9 sau awa 48 ya haura 43, batirina kuma 75 ne iyakar abin da yake ɗauka, wato daga daren Alhamis zuwa daren Asabar an sha fiye da rabi, kafin asubar Lahadi abin da ya rage ba zai juya inji ba. Daga nan yaronsa ya shiga zare fiyus ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa, na cikin bonet da na ƙarƙashin dashbod, Baba na kallon mita. Ba wanda ya motsa lambar. Ya kwance kaurin wayar da ke bayan altaneta, nan ma shiru, ke nan dayod ɗinta ba su da laifi. Gabana ya ɗan faɗi, na ɗauka abin ya gagare shi. Shi kuwa sai ya ce tunda babu fiyus ɗin da ya amsa, mai shan wutar ba ta akwatin fiyus yake bi ba. Ya ɗaga jar robar da ke rufe fozitif ɗin batir. Ban da manyan wayoyin kamfani, akwai ƙananan wayoyi uku da aka maƙala a ƙarƙashin noti, babu ko ɗaya mai fiyus. Ya cire sabuwar da mai rediyo ya ja, lamba ta faɗo ƙasa da 0.2. Ashe irin wannan rediyo kwamfuta ce ƙarama, maɓallin da nake dannawa allo kawai yake rufewa, cikinsa na nan yana aiki dare da rana tunda ba ya ganin an zare makulli.

Waya ta biyu tsohuwa ce, ta yi ƙura. Suka bi ta har ƙarƙashin sitiyari, can sama inda hannu ke shiga da ƙyar, suka zaro wani ɗan baƙin akwati da bai kai tafin hannu ba, an naɗe shi da salatif, yana da ɗumi. Na'urar bin diddigin mota ce da kamfanin ya sa, da tsohon layin waya a ciki wanda ya daɗe da mutuwa, ita kuwa tana ta neman sabis. Yaron ya kai filaya zai datse, Baba ya riƙe hannunsa. Ya nuna mini wani rile, wato ɗan makunnin lantarki, da ke maƙale da ita: masu sa irin wannan na'ura sukan yanke wayar famfon mai su bi da ita ta cikin rile, don su iya kashe mota daga nesa in an sace. Wanda ya fizge na'urar bai mayar da wayar famfo yadda take ba, motarsa ba za ta tashi ba, ya shiga neman wata sabuwar matsala. Ya cire rile ya haɗa bakin wayar biyu ya liƙe da dalma. Mita ta nuna 0.03. Waya ta uku ba ta shan komai, ta fitilar nan ce mai walƙiya da ake ɗora wa motocin aiki a saman rufi. An cire fitilar an bar wayar da wuta a jikinta, bakinta a naɗe da salatif da ya riga ya saki, tana kwance a bayan robar gefen ƙafar direba. Wannan ta fi tayar mini da hankali a kan sauran, domin waya mai wuta da babu fiyus in ta taɓa ƙarfe, babu abin da zai tsinke sai ita kanta ta yi ja ta kama abin da ke kusa. Haka motoci ke ƙonewa ana cewa ba a san dalili ba.

La'asar ta yi, ya ce in bar motar ta kwana, gobe a shiga bayan rediyo. Na hau Keke Napep na koma gida, kuma daren nan na yi barci mai daɗi duk da ba a gama ba. Da safe na tarar sun zaro rediyon. Abin da ke bayansa ba kyan gani: an datse soket ɗin kamfani an yar, an murɗe wayoyi da hannu biyu-biyu, salatif ya narke da zafin rana ya zama danƙo baƙi mai kama yatsa. Wayar rediyo mai ruwan ɗorawa da ja an murɗe su wuri guda a kan sabuwar wayar batir. Don gano abin da ke ƙona fiyus, Baba bai yi ta sa sabo yana tsinkewa ba. Yana da ƙwan fitilar birki da ya liƙa wa wayoyi biyu, ya soka su a ramin fiyus ɗin RAD. Ƙwan bai kama ba. Ya sa hannu ya riƙa girgiza damin wayoyin a hankali yana bi gaba-gaba, yana isa wani wuri sai ƙwan ya haska fes, ya saki ya mutu. A nan ne wayar ke gogar kaifin ƙarfen da ke riƙe rediyo. Robarta ta feƙe kamar tsawon ƙwayar shinkafa, jan ƙarfen ciki a waje, ga ɗan baƙin tabo a jikin ƙarfen inda take tartsatsi. A kan kwalta ba ta taɓawa, sai an hau galan. Fiyus mai lamba 10 aikinsa yake yi, mai lamba 20 kuwa kafin ya tsinke sai da waya ta yi zafi, warin da na ji ke nan. Kukan sifika kuma daga baƙar wayar negatif yake: an saƙala ta a ƙarƙashin wani sukurun da ya shiga roba, tana lilo, rediyon ta jikin wayar eriya yake samun hanyar komawa. Baba ya kankare fenti a jikin ƙarfen dashbod har ya yi ƙyalli, ya matse wa wayar zobe ya ɗaure da noti. Ya kuma duba wayar negatif da ta tashi daga batir ta kama jikin mota, ya auna tsakanin kan batir da bodi fitilu na kunne, mita ta nuna kusan 0.5, alhali bai kamata ta wuce 0.1 ko 0.2 ba. Da ya kwance sai ga tsatsa da farin gari a ƙarƙashin notin. Ya goge da samfefa ya mayar ya shafa giris.

Ya ƙi yarda ya sake murɗa wayoyi da hannu, ya ce in nemo soket. Toyota na wannan zamani soket biyu take amfani da su a bayan rediyo, mai rami 10 da mai rami 6, kuma iri ɗaya ne a motocinta da yawa, ba sai na Hilux ba. Ya haɗa ni da yaronsa muka je Ƙofar Ruwa wurin masu yankan mota, muka zagaya rumfuna kafin mu samu wanda aka yanko da sauran waya mai ɗan tsawo, naira 3,000. Abokin haɗinsa da ke shiga ciki, wanda ake liƙa wa wayoyin rediyo, a Sabon Gari muka same shi wurin masu kayan sauti, naira 2,500, muka haɗo da dalma da siririyar robar nan da ake zura wa waya a hura mata zafi ta tsuke. Zirga-zirgar nan ta cinye mana rabin yini. Yana liƙawa yana yi mini bayanin launuka, ni kuma ina rubutawa a bayan rasit. A rediyon kasuwa, mai ruwan ɗorawa ita ce wutar batir ta dindindin, ja ita ce mai samun wuta sai an murɗa makulli, baƙa negatif, mai ruwan lemo ta fitilun dashbod, shuɗiya ta eriya, shuɗiya mai farin layi ta tayar da amfilifaya. Sifika kuma fara ta gaba hagu, mai ruwan toka ta gaba dama, koriya ta baya hagu, mai ruwan makuba ta baya dama, kowace da 'yar'uwarta mai baƙin layi wadda ita ce negatif ɗinta. In aka haɗa ja da ɗorawa a wutar makulli, rediyo zai riƙa mance tashoshi da agogo. In aka haɗa su a wutar batir, abin da ya same ni ne zai faru. Launukan wayoyin motar kanta kuwa daban suke, don haka kowace sai da ya auna ta, da makulli da babu makulli, da fitila a kunne da a kashe. Ya ce wayar fitilar dashbod takan yi kama da negatif in fitilu na kashe, masu gaggawa da yawa sun ƙona abu ta nan.

Sifikar ƙofar direba tun can takan yi shiru wani lokaci, na ambata masa. Ya ɗauko batirin tocila mai bolt 1.5 ya riƙa taɓa wa kowace waya biyu, sifikar da ke kansu ta yi ɗan ƙara, ta haka ya san wace ce wace. Ta direba ba ta amsa ba sai an buɗe ƙofa rabi. Ya janye robar da ke tsakanin ƙofa da bodi, waya ta karye a cikin rigarta saboda buɗewa da rufewa na shekaru, ya yanke wurin ya sa sabon guntu mai laushi. Ta baya dama kuma an juya mata fozitif da negatif, shi ya sa sautin ba shi da nauyi, ɗaya na turawa ɗaya na ja. Ya auna kowace a mita, duka suna kusa da om 4. Ya ƙara da cewa kada a taɓa ɗaure negatif ɗin sifika a jikin mota, rediyon zamani ba ya jure wannan.

Da magariba ta kawo kai aka mayar da komai, aka sa jan fiyus mai lamba 10 a gurbinsa. Ya sake gwajin farko a gabana, mita ta nuna 0.03. Na murɗa makulli rediyo ya kama, na kamo Freedom a 99.5, na taka totur babu kuka, na zare makulli ya mutu da kansa. Kuɗin aikinsa naira 25,000 ya ce, ban nemi ragi ba. Ya zuba mini tsofaffin wayoyin da na'urar bin diddigin a leda ya ce in tafi da su, kuma in ajiye motar kwana uku ba tare da na tayar ba sannan in kira shi. Na yi hakan, bugu ɗaya ta tashi. Tun daga lokacin na bi hanyoyin burji ba adadi, fiyus ɗin nan bai sake tsinkewa ba.

Wanda batirinsa ke mutuwa in mota ta kwana biyu, kafin ya sayi batir ko altaneta ya nemi a yi masa awo uku a gabansa: mota a kashe, inji na aiki, da abin da take sha in an zare makulli. Mai wayarin da ba shi da mita, ko yake da ita bai iya awon amfiya ba, a yi masa godiya a nemi wani. Ni ma daga baya na sayi tawa naira 8,000, tana cikin aljihun dashbod tare da fiyus na kowane launi: ruwan ƙasa 7.5, ja 10, shuɗi 15, ɗorawa 20, kore 30. In fiyus ya tsinke sau biyu a wuri ɗaya, akwai wayar da ke taɓa ƙarfe, kada a yarda a sa wanda ya fi shi lamba, balle a naɗa masa zaren waya. A lura da lokacin da abin ke faruwa, kan galan ne, bayan ruwan sama ne, ko in an kunna fitila, domin da tambayoyin nan Baba ya rage rabin aikinsa. Duk wayar da za a ja daga batir, ta rediyo ce ko ta fitilar ƙari ko ta firji, a sa mata fiyus dab da batir. Wanda ya sayi motar kamfani ko ta ƙungiya ya ɗaga robar fozitif ya ƙirga wayoyin da ke wurin tun ranar farko, ya sa a bi kowace a ga inda ta nufa. In za a yi aiki a bayan dashbod a fara cire negatif, shi ne kuma na ƙarshen mayarwa, a jira aƙalla daƙiƙa 90 kafin a sa hannu kusa da sitiyari. Soket masu ruwan ɗorawa da ke wajen sitiyari da gaban fasinja na jakar iska ne, ba a soka musu tasta ko mita.